MIƘA IKO GA ƘANANAN HUKUMOMI DA BA DA BAHASI GA JAMA'A: DUBA A KAN GUSAU DA TSAFE DA BUNGUƊU

1.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani a kan yadda aka raba iko da kuɗi tsakanin matakan gwamnati uku a Nijeriya, da hanyoyin da jama'a za su bi don neman bahasi daga waɗanda aka danƙa wa amanar dukiyarsu. An ɗauki ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu na Jihar Zamfara a matsayin misali. Batun ya shafi ɗalibi mai koyon aikin malanta kai tsaye, domin albashin malamin firamare da ginin ajinsa da allon da zai yi rubutu a kai duk suna fitowa ne daga wannan tsari. Malamin da bai san ta inda kuɗin makarantarsa ke biyowa ba, ba zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba ranar da aka samu tangarɗa.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Akwai kalmomi uku da za a riƙa cin karo da su a wannan babi.

Ba da bahasi shi ne wajibcin da ke kan mai riƙe da muƙami na ya bayyana abin da ya karɓa, da abin da ya yi da shi, da dalilin yin hakan. Yana tsayuwa ne a kan abubuwa uku: bayani, da tambaya, da sakamako. Dole ne jama'a su san abin da aka yi, su kuma samu damar yin tambaya, sannan wanda ya gaza ya fuskanci hukunci, ko na kotu ko na akwatin zaɓe. Idan ɗaya daga cikin ukun ya faɗi, sauran biyun ba za su tsinana komai ba.

Miƙa iko shi ne gwamnatin sama ta sakar wa hukumar da ke ƙasa da ita wasu ayyuka, tare da kuɗin yin su da 'yancin yanke shawara a kansu. Ya bambanta da wakilci, inda ake tura jami'i ƙauye ya yi aiki amma umarni da kuɗi suna nan a hedikwata.

Manufofin kyautata rayuwar jama'a kuwa su ne tsare-tsaren gwamnati a kan ilimi da lafiya da ruwan sha da tallafa wa marasa ƙarfi.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Mulkin Ƙasa a Yankin

Neman bahasi daga shugabanni ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malaman jihadi na ƙarni na 19 sun yi rubuce-rubuce a kan haka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki haraje-harajen zalunci da cin hanci a littafinsa Kitabul Farƙi, ƙaninsa Abdullahi kuma ya yi bayanin haƙƙoƙin da ke kan masu mulki a cikin Liya'ul Hukkami. Tsohon garin 'Yandoto da ke ƙasar Tsafe ya shahara da malamai tun kafin jihadi, Gusau kuwa Malam Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa ta a zamanin jihadin.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sai suka shimfiɗa mulki ta hannun sarakuna. Aka kafa hukumar En'e da baitulmali, Gusau da Tsafe da Bunguɗu suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Hakimi da dagaci da mai unguwa suna tara haraji da jangali, En'e kuma tana riƙe da 'yan doka da kotunan alƙalai da gidan yari da makarantun elementare. Tsarin yana da tsantseni wajen ajiye lissafi, amma bahasin da ake bayarwa sama yake tafiya, wato daga dagaci zuwa hakimi, zuwa sarki, zuwa Razdan. Talakan da ya biya harajin ba shi da bakin tambaya.

A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Babban sauyi ya zo a 1976, lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul. Aka yi tsari iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, aka ɗauki ƙaramar hukuma a matsayin mataki na uku na gwamnati, aka ba ta kaso daga asusun tarayya, sarakuna kuma suka koma masu ba da shawara.

An ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, a zamanin Janar Sani Abacha, Gusau ta zama babban birni. Jihar tana da ƙananan hukumomi 14 daga cikin 774 da ake da su a ƙasa baki ɗaya. Matafiyin da ya taso daga Funtuwa zai fara shiga ƙasar Tsafe, ya ratsa Kwatarkwashi da ke cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, ya iso Gusau, sannan ya wuce garin Bunguɗu a kan hanyar Sakkwato. Waɗannan uku tare da Maru su ne mazaɓar ɗan majalisar dattawa ta Zamfara ta Tsakiya. A majalisar wakilai kuwa, Gusau da Tsafe kujera ɗaya suke da ita, Bunguɗu kuma tana haɗe da Maru.

4.0 Abin da Tsarin Mulki Ya Tanada

Sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999 ya nuna cewa iko na jama'a ne, kuma tsaronsu da jin daɗinsu su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 7 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓun majalisu ne za su gudanar da ƙananan hukumomi, amma ya bar wa majalisar dokokin jiha ta yi dokar da za ta tsara kafuwarsu da kuɗaɗensu da ayyukansu.

Jadawali na huɗu ya jero ayyukan ƙaramar hukuma, waɗanda za a iya kasa su gida biyu. Kashi na farko ayyukan da suke nata ne na kanta, kamar kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu, da gina ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, da kwashe shara, da sa wa tituna suna, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Kashi na biyu kuwa ayyukan da take yi tare da gwamnatin jiha ne, wato ilimin firamare da na manya da na sana'a, da kiwon lafiya, da bunƙasa aikin gona.

A lura da kyau, ayyukan da suka fi taɓa rayuwar talaka, wato makaranta da asibiti, suna cikin kashi na biyu ne. Wannan tarayya ita ce tushen yawancin ruɗanin da ake samu, domin kayan da mutum biyu suka ɗauka, idan ya faɗi kowa zai ce ɗan'uwansa ne ya saki.

5.0 Hanyar da Kuɗi ke Biyowa

Kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa yana zama ya raba abin da ya shiga asusun tarayya. Tsarin rabon da aka fara aiki da shi a 2004 ya ba gwamnatin tarayya kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi kuma kashi 20.60. Bayan wannan akwai kasonsu na harajin kayan masarufi, da abin da suke tarawa da kansu a kasuwa da tasha da kara. Ta wannan fuska ƙananan hukumomin uku ba ɗaya suke ba. Gusau birni ce mai manyan kasuwanni da shaguna, Tsafe da Bunguɗu kuwa yawancin jama'arsu manoma ne da makiyaya da ke warwatse a ƙauyuka, don haka aikin kai musu makaranta da asibiti ya fi tsada.

Sashe na 162 ya umarci kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda kason ƙananan hukumomi zai sauka kafin a raba musu. Manufar ita ce jiha ta ƙara nata kason a ciki, sannan a raba bisa adalci. Amma shekara da shekaru an yi ta kokawa a sassa daban-daban na ƙasar nan cewa gwamnatocin jihohi suna yanke kuɗin da sunan ayyukan haɗin gwiwa, har abin da ke isa sakatariyar ƙaramar hukuma ba ya wuce na albashi. Haka kuma gwamnoni da dama sun riƙa naɗa kantomomi ko kwamitocin riƙo maimakon gudanar da zaɓe.

Illar wannan ga ba da bahasi a fili take. Kantoman da gwamna ya naɗa, gwamna yake tsoro, ba mai ƙuri'a ba. Shugaban da bai ga kuɗinsa ba kuwa yana da hujjar da zai kare kansa a gaban jama'a, ko da shi ma ya yi sakaci da ɗan abin da ya samu. Da haka sai bahasi ya koma tafiya sama kamar zamanin En'e.

An yi yunƙurin gyara a 2019, lokacin da hukumar tattara bayanan sirri kan harkokin kuɗi ta ƙasa ta fitar da ƙa'idar da ta hana cire tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma. Gwamnoni sun ƙalubalanci ƙa'idar a kotu.

6.0 Hukuncin Kotun Ƙoli na 2024

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin. Kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ta ce gwamna ba shi da ikon rusa zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kantoma, ta kuma hana sakin kuɗi ga ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ke jagorantarta ba.

Wannan ya sa jihohi da yawa suka gaggauta shirya zaɓe. A Zamfara an yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Nuwamba na 2024, jam'iyyar PDP mai mulkin jihar a lokacin ta lashe dukkan kujerun shugabanni 14. Irin wannan sakamako shi ne aka saba gani a mafi yawan jihohi, ko wace jam'iyya ce ke mulki, shi ya sa wasu ke kira da a karɓe zaɓen daga hukumomin zaɓe na jihohi a miƙa wa hukumar zaɓe ta ƙasa. Bayan hukuncin ma an ɗauki watanni ana ja-in-ja a kan buɗe wa ƙananan hukumomi asusu a Babban Bankin Nijeriya, abin da ya jinkirta fara biyan kuɗin kai tsaye.

Hukuncin ya amsa tambaya ɗaya ce kawai, wato hannun wa kuɗin zai shiga. Bai amsa ta biyu ba, wato wa zai sa ido a kan wannan hannu. Idan kuɗi ya bar asusun haɗin gwiwa ya koma hannun shugaban da ba a tambayarsa, to an sauya wa tuwo suna ne kurum.

7.0 Ilimin Firamare: Wa ke da Alhakin Me?

Tarihin albashin malaman firamare ya isa darasi. An ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976. A 1988 aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa don daidaita biyan albashi. A 1991 aka rushe ta, aka miƙa makarantun ga ƙananan hukumomi gaba ɗaya, sai malamai a wurare da dama suka shiga bin bashin albashi na watanni, aka yi ta yajin aiki. A 1993 aka sake dawo da hukumar. Wannan ne ya sa ƙungiyar malamai ta ƙasa take ɗari-ɗari da a bar albashin malaman firamare a hannun shugabannin ƙananan hukumomi, alhali ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta daɗe tana fafutukar cin gashin kai. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Tsoron kuma bai tsufa ba, domin a 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja sun yi fiye da wata uku suna yajin aiki a kan rashin biyan su mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a watan Satumba na 1999, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don tallafa wa jihohi, da sharaɗin jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta kafin ta karɓi tallafin gine-gine. Tsarin yana da hawa huɗu: hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa a Abuja, da ta jiha a Gusau, da hukumar ilimi ta kowace ƙaramar hukuma ƙarƙashin sakataren ilimi, sai kwamitin kula da makaranta wanda ya ƙunshi shugaban makaranta da malamai da iyaye da masu unguwanni da wakilan mata da na ɗalibai.

A ɗauka iska ta yaye rufin aji biyu a wata makarantar ƙauye a ƙasar Bunguɗu ko Tsafe. Shugaban makaranta zai rubuta wa sakataren ilimi, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar jiha da shugaban ƙaramar hukuma. Idan aka sa aikin a cikin tsarin shekara, sai a ba da kwangila. A kowane mataki akwai tambayar da ta kamata a yi. An rubuta rahoton kuwa? Yaushe ya isa? An sa aikin cikin kasafi? Nawa aka ware? Wa aka ba kwangilar, kuma wa ya sa hannu cewa an gama? Kwamitin da ya ajiye kwafin wasiƙarsa da kwanan wata ya fi ƙarfin wanda ya kai kuka da fatar baki.

Matsalar tsaro ta ƙara wa lamarin nauyi. An sace ɗalibai mata a Jangebe a watan Fabrairu na 2021, a watan Satumba na shekarar kuma aka rufe makarantu, aka katse layukan waya a jihar na wani lokaci. A watan Satumba na 2023 aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu. Inda mai duba makarantu da mai binciken kuɗi ba sa iya shiga, mutanen garin ne kaɗai shaidun ko an yi aiki ko ba a yi ba. A watan Nuwamba na 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Ma'aunin irin wannan mataki shi ne abin da aka gani a aji: yawan yaran da suka dawo, da malaman da aka tura, da ɗakunan da aka gyara.

8.0 Hanyoyin Neman Bahasi

(a) Majalisar kansiloli. Ita ke amincewa da kasafin ƙaramar hukuma, kuma kansila shi ne zaɓaɓɓen da ya fi kusa da talaka.

(b) Babban mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi. Yana duba littattafan lissafi, ya miƙa rahoto ga majalisar dokokin jiha, wadda sashe na 128 ya ba ikon gudanar da bincike.

(c) Hukumomin yaƙi da rashawa. Akwai ICPC da aka kafa a 2000 da EFCC da ta fara aiki a 2003. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999, a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, Zamfara ta kafa tata hukumar yaƙi da cin hanci, tare da Hukumar Zakka da Waƙafi da Hukumar Hisba.

(d) Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani ba tare da faɗin dalili ba, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. A 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi ma.

(e) Kafofin watsa labarai. Sashe na 22 ya ɗora musu nauyin sa ido a kan gwamnati. Ofishin Babban Akanta na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu a wata, kuma ana iya duba shi a intanet.

(f) Sarakuna da malamai. Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bunguɗu ba su riƙe da baitulmali a yau, amma fada da masallaci har yanzu wurare ne da koken jama'a ke isa kunnen hukuma.

9.0 Darasi daga Wasu Ƙasashe

A ƙasar Kenya, tsarin mulkin 2010 ya kafa gundumomi 47 masu zaɓaɓɓun gwamnoni, ya ba su aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, ya kuma wajabta a saurari jama'a kafin a yi kasafi. A Jamhuriyar Nijar an zaɓi majalisun gundumomi a 2004, amma gwamnatin soja ta rusa su a watan Afrilu na 2024, ta naɗa masu riƙo. Misalan biyu suna nuna cewa ikon da aka miƙa yana ɗorewa ne gwargwadon ƙarfin dokar da ta kare shi da kuma yadda jama'a suka riƙe shi.

10.0 Rawar da Malami Zai Taka

Malami shi ne ma'aikacin gwamnati da ya fi yawa a karkara, kuma sau da yawa shi ake kai wa takarda ya karanta. Malamin Hausa musamman yana da aikin fassara wa iyaye kasafi da sanarwar hukuma cikin harshen da suke ji, da koya wa ɗalibai rubuta wasiƙar koke mai ladabi da hujja. Sai dai shi ma mai ba da bahasi ne. Rajistar aji da littafin zuwa aiki da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai duk amana ce a hannunsa. Wanda ke zuwa makaranta kwana biyu a mako ba shi da bakin tambayar shugaban ƙaramar hukuma ina kuɗin rufi.

11.0 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda mulkin ƙasa ya taso daga En'e zuwa garambawul na 1976, zuwa hukuncin 2024. An ga cewa aiki da kuɗi da tambaya dole ne su zauna wuri ɗaya: wanda aka ɗora wa aiki a ba shi kuɗin yi, wanda aka ba kuɗi kuma a samu mai tambayarsa. A Gusau da Tsafe da Bunguɗu, kamar sauran sassan ƙasar nan, kotu ta yi nata, saura na kansila da mai binciken kuɗi da kwamitin makaranta da malamin da ke aji.

Tambayoyi

1. Kawo abubuwa uku da ba da bahasi ya ginu a kansu, tare da misali daga makarantar da ka yi koyarwar gwaji.
2. Bambanta tsakanin miƙa iko da wakilci.
3. Me ya sa ƙungiyar malamai da ta ma'aikatan ƙananan hukumomi suka sha bamban a kan cin gashin kan ƙananan hukumomi?
4. Yi bayanin abubuwa uku da Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yuli, 2024.
5. Rubuta wasiƙa zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku, kana neman bayani a kan gyaran wani aji da ya lalace.